Zubewar Gashi Bayan Haihuwa da Hukuncin Yin Ƙari

Tambaya: Malam, wata huɗu ke nan da haihuwata, gashina yana ta zuba har gaban goshina ya fara bayyana. Maigidana ya ce in riƙa yin ƙari da gashin roba, tunda ba na mutum ba ne. Shin ya halatta? Daga wata 'yar'uwa a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Allah Ya raya abin da aka samu. Neman magani halal ne, ƙari da gashin mutum kuwa haramun ne, wannan a fili yake. Inda maganarki ta tsaya shi ne izinin miji.

Wasu malaman Shafi'iyya sun halatta wa matar aure ƙari da gashi mai tsarki wanda ba na ɗan Adam ba, idan mijinta ya yarda, domin a ganinsu illar hanin ita ce yaudara, wanda ya sani kuwa ba a yaudare shi ba. Wannan ra'ayi bai gamsar da ni ba. Matar Ansar da ta zo wurin Annabi (SAW) a ruwayar Bukhari daga A'isha ba kwalliya ta kawo ta ba, gashin 'yarta ne ya zube, kuma ta faɗa ƙarara cewa mijin 'yar ne ya yi umarni, amma aka ce mata a'a. Uzurin nan biyu naki su ne nata. Batun roba kuma, hadisin Jabir a Sahihu Muslim ya hana mace ta sadar da "wani abu" da gashin kanta, bai keɓe gashi ba, kuma a kan haka Malikiyya suke. Saboda haka ki bari, ki sanar da maigida cikin ladabi.

Sannan ki kwantar da hankalinki. Gashin da ciki ya riƙe ne yake zuba daga wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, kuma galibi yana dawowa kafin jariri ya shekara. Amma ambaton goshi da kika yi ya sa ina zargin kitso, domin ƙananan kitson da ake ja har mace ta kasa ɗaga gira yana kashe tushen gashi, ƙarin da ake ba ki shawara kuma nauyi zai daɗa masa. Ki sassauta kitso, ki huta da man miƙar da gashi. Idan kina yawan jiri da kasala, ki je a auna jininki, ko a asibitin koyarwa da ke Shika, kada kuma ki shafa maganin kanti kina shayarwa sai likita ya duba. Wallahu a'alam.