Tambaya da Amsa: Shiga jami'a daban, gamawa daban

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya ci bak a bana, muna shawarar ya zauna nan Jami'ar Ɗan Dikko Dankulodo ko ya fita waje. Na ga an rubuta cewa masu shiga jami'a a Girka sun haura kashi 100, a Nijar kuwa ba su kai kashi 5 ba. Yaya adadi zai wuce ɗari? Kuma inda aka fi shiga, nan aka fi gamawa?
Wani uba, unguwar Zariya, Maraɗi

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa wa karatun yaro albarka. Wannan lissafi na UNESCO ne. Ana ƙirga duk wanda sunansa ke rajistar babbar makaranta, ko ɗan shekara 40 ne, sai a raba da yawan matasan da ke cikin shekaru biyar na bayan lise. A Girka akwai ɗimbin mutanen da suka daina zuwa aji amma ba a goge sunansu ba, shi ya kumbura adadin. Na Nijar kuwa ƙanƙantarsa gaskiya ce, kuma abin damuwa ne, tunda ko matsakaicin Afirka kudu da Sahara yana wajen kashi 9. Sai dai ɗalibi inda yake karatu ake lissafa shi: ɗan Nijar da ke Maroko ba ya cikin namu, ɗan Katsina da ke karatu a Maraɗi yana ciki.

Gamawa kuma ma'auninta daban ne. Ana bin sawun waɗanda suka shiga shekara ɗaya, a ga nawa suka fita da takarda. Rahoton 2022 na OECD, ƙungiyar ƙasashen da galibinsu masu arziki ne, ya nuna a matsakaici kashi 39 na ɗaliban ƙasashenta ne ke gama digirin farko a kan lokaci, amma da an ƙara shekara uku sai su kai 68. Amurka shekara shida take ba digirin shekara huɗu kafin ta ƙirga, tana samun kimanin kashi 64. A Faransa wajen ɗaya cikin uku ne ke ɗaukar lisans a shekara uku cif, domin ƙofar shiga a buɗe take, a shekarar farko ake tankaɗe. Wanda ya jera 64 kusa da wannan ya ce Amurka ta ninka Faransa, ya auna hatsi da tiya biyu mabambanta.

Ga kuma tsawon karatun: lisans ɗinmu a tsarin LMD (lisans, masta, dokta) shekara uku ne, a Najeriya huɗu, ban da yajin aikin malaman jami'a irin na 2022 da ya ci wata takwas.

Don haka Alhaji, alƙaluman ƙasa ba za su zaɓar wa yaro makaranta ba. Ku tambayi sashen da yake so: mutum nawa suka shiga shekarar farko, nawa suka haye ta biyu, nawa suka karɓi lisans cikin shekara huɗu? Sannan ku tabbatar ana amincewa da takardarsu a Nijar kafin ku biya ko dala.