Ka fara da dokar da ka fi takawa

Salama, ƙanena. Ka ce ka yi baftisma, ba ka fashin sujadar Lahadi, Dokoki Goma kuma ka haddace su tun kana yaro, amma har yanzu ga saurin fushi, ga rantsuwa a bakin ciniki tunda hatsi kake aunarwa a Tsohuwar Kasuwa. Ka kuma ce wani ya gaya maka tunda da alheri aka cece mu, ba ruwanmu da doka.

Bari mu kawar da wannan ta ƙarshen tukuna. Mai maganar ya karanta Afisawa 2:8-9 ya tsaya, bai ƙarasa aya ta 10 ba, inda aka ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. Ka duba tsarin Fitowa sura 20: a aya ta 2 Allah ya fara tuna wa Isra'ilawa cewa shi ya fisshe su daga bauta a Masar, sannan dokokin suka biyo. Ceto ne a gaba, biyayya na binsa. Yesu ma a Yahaya 14:15 ya ɗaura kiyaye umarninsa a kan ƙaunarsa. Saboda haka ba sayen ceto kake yi da biyayya ba, amma wanda ya ce an cece shi, mudunsa kuma bai canja ba, sai a tambaye shi daga me aka cece shi.

Abin da ke kayar da yawancin mutane shi ne son gyara komai a dare ɗaya. A fito daga taron farkawa da alkawari goma sha biyar, kafin Laraba duk sun zube. Doka ɗaya za ka kama. Ka sami ɗan littafin rubutu, har mako guda kowane dare ka rubuta abu uku: me ka yi, a ina da wane lokaci, da abin da ya faru gab da ka yi shi. Na ukun nan ya fi muhimmanci. Ranar bakwai ka duba wanda ya fi maimaituwa. Dokokin suna Fitowa 20:1-17 da Maimaitawar Shari'a 5:6-21. (In kuna nazari tare da ɗan Katolika, ku riƙa kiran doka da abin da ta ce, kada ku kira lamba, don lissafinsu ya bambanta da na ECWA da Angilikan, wadda kai ka sani ta uku, su ta biyu ce.)

A ce rantsuwa ce ta fito. A kasuwa ba a ma ɗaukarta zunubi, gishirin ciniki ce: "Na rantse da Allah ko uwar kuɗi ban mayar ba." Nan doka biyu ka taka lokaci guda, kama sunan Allah a banza da ƙarya. Matiyu 5:33-37 da Yakubu 5:12 sun ce i ɗinka ya zama i, a'a ya zama a'a. To, daina rantsuwa kawai ba ya ɗorewa, don baki zai nemi abin faɗa sa'ad da mai saye ya matsa. Sai ka shirya jimlar da za ta maye gurbinta tun daga gida: "Wannan shi ne kuɗinsa, in bai yi maka ba ka zaga ka dawo." Babu dokar da ta tilasta ka faɗi nawa ka sari buhu. Kana da ikon yin shiru a kai; abin da ba ka da iko shi ne faɗin kuɗin ƙarya. Wannan ita ce hanyar Afisawa 4:22-32, a tuɓe tsohon hali a kuma yafa sabo: maƙaryaci ya koma faɗin gaskiya, ɓarawo ya kama aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukata. Duk halin da aka cire ba a sa wani a gurbinsa ba, yakan dawo.

Sai mudu. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, Karin Magana 11:1 kuma ta kira ma'aunin algus abin ƙyama ga Ubangiji. Ka san yadda ake yi: mudun saye daban, na sayarwa an buga gindinsa ya shige ciki, ko a zuba gero mai kyau a bakin buhu, mai tsakuwa a ƙasa, ko a sa hannu a share tozon da ya kamata mai saye ya samu. Mudu ɗaya za ka riƙe na saye da sayarwa, wancan kuma ka lalata shi, kada ka ba yaron shago ko ka sayar wa maƙwabci. Ka sani ribar kowane buhu za ta ragu. Ka zauna ka yi lissafi, in farashin bai fitar da kai ba ka ƙara shi a fili. Ƙarin kuɗi a fili ciniki ne, rage awo a ɓoye sata ce. Haka ma kuɗin ɗan dako da mai kabu-kabun da ya kai maka kaya: Littafin Firistoci 19:13 ya hana hakkin ɗan ƙodago ya kwana a hannunka.

Yanzu ga inda ake gudu, wato mayarwa. Mutane na son tuban da ke ƙarewa a kan gwiwa, amma Littafin Firistoci 6:1-5 ya ce wanda ya cuci maƙwabcinsa ya mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. In naira 10,000 ce, 12,000 ke nan. Zakka mai karɓar haraji, a Luka 19:8, ninki huɗu ya yi alkawari. Ba na cewa wannan lissafi farilla ne a kan Kirista, amma ma'auni ne mai kyau ga wanda bai san inda zai fara ba. Rubuta sunayen waɗanda ka san ka taushe, ka fara da wanda ya fi talauci. In kuɗin sun fi ƙarfinka, ka je ka faɗa masa, ku yanka abin da za ka riƙa biya duk wata. Kada ka zuba kuɗin a baiko alhali mai su na raye, ka kuma san ƙofar gidansa. Matiyu 5:23-24 ya ce ka bar baikon gaban bagade, ka je ku shirya tukuna. Masu sayen da suka wuce ba ka san su ba, nasu ka kai wa gwauraye da marayu ta hannun dattawan ikilisiya. Kuma in mutumin Musulmi ne, hakkinsa bai ragu da ƙwayar gero ba.

Fushi kuwa, Yesu ya sa shi ƙarƙashin dokar kisankai a Matiyu 5:21-22. Littafinka zai nuna maka lokacinsa. Sau da yawa za ka tarar da tsakar rana ne, musamman a zafin Maris da Afrilu na Sakkwato, ciki babu komai, ga mai bashi na yi maka hanya-hanya. Ka ci abinci, ka sha ruwa, kada ka tafi karɓar bashi a wannan sa'a. Ba kowane abu ba ne aikin Shaiɗan. In ka riga ka zagi wani, Afisawa 4:26 ta ba ka wa'adi zuwa faɗuwar rana. Ban-haƙurin kuma ya fita ba "amma kai ma" a wutsiyarsa.

Kada ka yi wannan kai kaɗai. Nemi namiji ɗaya wanda ya girme ka cikin bangaskiya, mai riƙe sirri, ku haɗu minti talatin bayan sujada, ya tambaye ka kai tsaye: ka rantse a makon nan? Ka biya wane? Yakubu 5:16 ke nan, inda aka ce ku furta wa juna zunubanku. Ba a gaban zumunta duka ba, don abin yakan koma tsegumi. Karatu kuma kaɗan mai ɗorewa: Zabura 119 tana da aya 176, kashi 22 masu aya takwas-takwas, kashi ɗaya kowace safiya kafin ka buɗe shago, da addu'ar neman taimakon Ruhu Mai Tsarki a kan wannan doka ɗaya da sunanta.

Abu biyu sukan ɓata aikin bayan wata ɗaya ko biyu. Na farko girmankai: ka daina rantsuwa, sai ka fara ƙirga ta maƙwabta, ka zama Bafarisiyen Luka 18:9-14, mai taƙama da adalcinsa yana raina wasu. Alamarsa ita ce littafinka ya fara cika da laifin wasu. Na biyu fid da rai: ka faɗi sau ɗaya, ka ce ai aikin banza ne, ka daina zuwa wurin dattijon don kunya. Ranar da ka faɗi, a ranar za ka furta bisa ga 1 Yahaya 1:9, ka gyara da wanda ka ɓata wa, ka kuma rubuta abin da ya jawo. Kada ka matsa zuwa doka ta gaba sai wanda ke bibiyarka da mutanen gidanka sun yarda an ga canji a ta farkon. In kana da aure, matarka za a fara tambaya.