Shirin wanda za a aika ya kafa ikilisiya

Ɗan'uwa, ka tambaya da me za ka fara shiri, tunda za a tura ka wani ƙauye da ba shi da ikilisiya bayan ka gama makarantar Littafi Mai Tsarki.

Ka fara da addu'a, amma kada ka yi ta kai kaɗai. A Ayyukan Manzanni 13, ikilisiyar Antakiya tana cikin sujada da azumi ne Ruhu Mai Tsarki ya ce a keɓe Barnaba da Shawulu (wato manzo Bulus), kuma ba a sallame su ba sai da aka sake yin azumi da addu'a, aka ɗora musu hannu. Saboda haka ka nemi dattawa da matan zumunta waɗanda za su ɗauki nauyin yi maka addu'a kowane mako, har da iyalinka, domin matarka za ta sha kaɗaicin da ya fi naka.

Ka kuma riƙe sana'a, kamar yadda Bulus ya yi ɗinkin tanti a Koranti. Idan ka isa, ka fara gaida dagaci, ka je gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa, ka koyi harshen mutanen kafin ka yi maganar gini.