Ɗaukar hoton Kano daga kan Dala da magariba

Tambaya: Assalamu alaikum. Na hau Dutsen Dala da yamma don in ɗauki hoton birni, amma ko dai sama ta fito fari fat gari ya yi baƙi ƙirin, ko kuma hoton ya yi dishi-dishi, fitilu duk sun ja layi. Ina da ƙaramar kyamara da waya. Laifin kayan aikin ne? Daga wani mai karatu a Kurna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kayanka sun isa, lokaci ne ka kuskure. Muddin rana tana sama, hasken samaniya ya ninka na gari nesa ba kusa ba, kuma kyamara ba ta iya haɗa su biyun kamar yadda ido yake yi: in ta gyara ɗaya sai ta ɓata ɗayan. Ka jira rana ta faɗi. Daga minti 10 zuwa 25 bayan faɗuwarta sama takan yi shuɗi, haskenta ya sauko daidai da na fitilun gari, a nan ne komai yake fitowa tare. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, rana kusan a tsaye take nutsewa, don haka wannan tazarar gajeriya ce ƙwarai. A Nuwamba rana kan faɗi wajen ƙarfe 6, a Yuli kuwa dab da ƙarfe 7.

Ka lura lokacin ya ci karo da Magariba. Ka hau da alwalarka tun saura minti 45, ka kafa kyamara, ka zaɓi inda za ta kalla, ka gama saiti. In an kira salla ka yi a nan. Kana sallamewa za ka tarar sama ta fara yin yadda kake so.

Sai batun iska. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yakan haɗiye duk abin da yake nesa, kuma babu manhajar da za ta dawo da abin da ƙura ta rufe. Ranar da ta fi ita ce wadda aka yi ruwa da rana aka ɗauke kafin la'asar, musamman a Agusta da Satumba, iska ta wanku, ga ragowar gajimare da zai ɗauki ja. In kuwa dole a hunturu ne, ka bar nesa, ka ɗauki unguwannin gindin dutse.

Daga kan Dala, Kasuwar Kurmi da Babban Masallaci da Gidan Rumfa suna kudu maso gabas. In ka fuskance su rana tana bayanka, sauran haskenta yana sauka a kan koriyar kubba da hasumiyoyin nan biyu. In ka juya yamma za ka sami Goron Dutse ya yi baƙi a gaban jan sama. Tsohon birni shimfiɗe yake, ba shi da dogayen benaye, shi ya sa gilashin kyamara mai ɗaukar faɗi kamar 24mm yake mayar da shi tarin kwanon rufi kawai. Ka yi amfani da dogon gilashi mai jawo nesa, 70mm zuwa 200mm, ka sa masallacin ya zama abin da ido zai fara sauka a kai, lunguna su biyo baya. Kada sama ta wuce kashi ɗaya cikin uku na hoton sai in gajimaren ya cancanta.

Dishi-dishin da ka gani girgizar hannu ce. Da duhu ya fara, kyamara takan bar idonta a buɗe na daƙiƙa ɗaya ko fiye, hannu kuwa ba ya tsayawa cak. Ka nemi maɗori mai ƙafa uku, in babu ka cika safa da shinkafa ka ɗora kyamarar a kai bisa dutse. Ka sa ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100, buɗin gilashi f/8, ka bar tsawon ɗauka yana ƙaruwa daga rabin daƙiƙa har zuwa 10 ko 15 yayin da duhu yake shigowa. Ka kunna jinkirin daƙiƙa 2 don kada danna maɓalli ya motsa ta, ka kashe na'urar hana girgiza tunda a kafe take. Ka saita kaifin hoton da hannu a kan hasumiya, domin a duhu kyamara takan yi ta lalube. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, saitin launin haske kuma ka tsayar da shi a 5000K, in ba haka ba farar fitilar sola da jan ƙwai za su riƙa sauya maka launi daga hoto zuwa hoto. A daƙiƙa 8 zuwa sama, fitilun motoci da 'yan adaidaita sahu sukan zama zare a kan titi. Wannan jan layin ana nemansa, tunda gine-gine suna nan daram.

A kyamarar waya ka shiga sashen Pro, inda ake saiti da hannu, ka yi kwatankwacin wannan. Ka goge gilashin, kuma kada ka ja hoto da yatsa ya wuce 2x ko 3x ɗin da wayar ta zo da shi.

Abu biyu da ba na saiti ba. Dala tana leƙa tsakar gidajen mutane, da dogon gilashi za ka ga iyali a cikin gidansu, to kada ka karkata shi can. Jirgi marar matuƙi kuma sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ga filin jirgin Malam Aminu Kano ba nisa. Ka tafi da abokin tafiya da tocila, kayanka a jaka ɗaya, ku sauko kafin Isha'i.