Mun yi sanarwa, mun yi taro, amma 'yan kasuwa sun ƙi tashi

Tambaya: Ni jami'in yaɗa labarai ne a wata ƙaramar hukuma. An yanke shawarar mayar da kasuwar garinmu sabon wuri. Mun sa sanarwa a rediyo, mun kira taron masu ruwa da tsaki, amma 'yan kasuwa sun ce ba inda za su. Me ya rage mu yi?

Amsa: Malam, sai da aka gama yanke shawara sannan aka kira su. Abin da kuka yi shela ce, ba tuntuɓa ba, kuma ɗan kasuwa ya san bambancin.

Dubi abin da ya faru da rigakafin shan inna. A 2003 gwamnatin Kano ta dakatar da shi bayan an baza cewa maganin na hana haihuwa. Jami'ai suka yi ta cewa jahilci ne, alhali mutane na da dalilinsu. Ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Suna kuma tambaya: me ya sa ake bin mu gida gida da wannan ɗigon kyauta, amma maganin zazzaɓin cizon sauro sai mun saya? Babu tallar rediyon da ta amsa wannan.

Kano ba ta koma rigakafin ba sai a Yulin 2004, da aka kawo magani daga Indonesiya, ƙasar da jama'a suka fi natsuwa da ita. Ko a nan ba a gama ba. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, aiki ya gangaro hannun hakimai, dagatai da masu unguwanni. Aka ɗauki matan unguwa su shiga gidaje, aka buɗe sansanonin duba marasa lafiya inda uwa za ta samu maganin wata cutar ma. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka.

To, koma kasuwarku. Wa ya zo taron nan? Sau da yawa masu zuwa amsar alawus ne ke cika kujeru, mai tumatir da ke tsoron rasa masu saye tana can bakin tirenta. Ku je rumfunan da kanku, tare da sarkin kasuwa da shugabannin mahauta, 'yan gwari da direbobin tasha. Ku tambayi abin da ke hana su: kuɗin rumfa ne, nisa, rashin ruwa, ko tsoron a raba shaguna ga 'yan siyasa? Ina kyautata zaton na ƙarshen ne, domin shi ya fi yawa a irin wannan rigima.

Kafin ka je, samu shugaban ƙaramar hukuma ya faɗa maka abin da zai iya sauyawa, ko ranar tashi ko kuɗin rumfa. Jerin sunayen waɗanda za a ba shaguna kuwa, a liƙa shi a ƙofar kasuwa kowa ya gani kafin a ɗaga ko tebur ɗaya.