Amsa: Wasan taurarin besbol ne ke yanke gidan da za a buga wasan ƙarshe?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka ji abokan aikinka Amurkawa suna musu a kan wai wasan taurari na watan Yuli, wanda zaɓaɓɓun gwanayen rukunan gasar biyu ke karawa a ciki, shi ne ke yanke ƙungiyar da za ta fi yawan wasa a gida a World Series, wato jerin wasannin ƙarshe na cin kofi, kana tambaya ko gaskiya ne, kuma me ya sa maganar ke tayar musu da jijiyar wuya. Da haka ne, yanzu an daina. Dokar ta yi aiki daga 2003 zuwa 2016. Tun 2017, cikin ƙungiyoyi biyun da suka kai ƙarshe, wadda ta fi cin wasanni a kakar ita ke samun wannan gata. Haushin kuwa yana da tushe, ni da nake zaune a Texas na ga yadda ya ci mutane.

Besbol ɗin Amurka rukuni biyu ne, American da National. Zakarun rukunan biyu suke haɗuwa a World Series, wanda ya riga cin huɗu cikin bakwai ya ɗauki kofi. Ana buga biyun farko a gidan ɗaya, uku a gidan ɗayan, in abin ya ja a koma gidan farko a ƙarasa na shida da na bakwai. Kafin 2003 karɓa-karɓa ake yi, bana wannan rukuni, baɗi wancan.

Abin da ya ɓata lamarin ya faru a Milwaukee a 2002. An kai zagaye na 11 ana 7 da 7, masu jifa, wato masu jefa wa mai bugu ƙwallo, suka ƙare wa ɓangarorin biyu, domin masu horarwa sun yi ta sauya 'yan wasa don kowa ya samu ya taka fili. Shugaban gasar, Bud Selig, ya ce a tashi kunnen doki. A garinsu ne kuma, gaban mutanensa. 'Yan kallo suka yi ta masa ihu suna cewa a bari a ci gaba. Kunyar wannan dare ce ta haifi dokar: daga shekara mai zuwa, rukunin da ya ci wasan taurari, zakaransa ne zai samu gida.

Matsalar ita ce wasan bai fasa zama na nishaɗi ba. Magoya baya ne ke zaɓen masu bugun da za su fara, da ƙuri'a, kowa na cusa nasa ko yana ƙoƙari ko ba ya yi. Dole kowace ƙungiya ta samu wakili ko da ita ce kurar baya. Gwanin mai jifa ya yi zagaye ɗaya ko biyu ya koma benci. Kamar a ce wasan sada zumunta na ranar sallah ne zai yanke filin da za a buga wasan ƙarshe na kofin ƙalubale. A 2014 ma mai jifa Adam Wainwright ya faɗa wa 'yan jarida cewa ya sassauta wa Derek Jeter jifa saboda shekararsa ta ban kwana ce, da surutu ya yi yawa ya ce wasa yake yi. To wa zai yarda a ɗora makomar wasanni 162 a kan irin wannan?

Wadda ba zan manta ba ita ce 2011. A wasan taurarin shekarar, Prince Fielder na Milwaukee ya ɗaga ƙwallo ta haye katanga, maki uku nan take, National ta ci 5 da 1. Wanda ya jefo masa ƙwallon C.J. Wilson ne, ɗan Texas Rangers ta rukunin American. Oktoba ta zo, Rangers da suka ci wasanni 96 suka haɗu da St. Louis Cardinals masu 90, waɗanda da ƙyar suka kutso a ranar ƙarshe ta kaka. Amma gida na St. Louis ne, domin ita ce ta rukunin National. Abin dariyar, Cardinals ɗin ne suka fitar da ƙungiyar Fielder a hanya, wato ya yi wa kishiya aiki.

A ɗakin hutu na wurin aikinmu muka kalli wasa na shida, masu aikin dare sun cika maƙil. Sau biyu jifa ɗaya tak ya rage Texas ta ɗauki kofinta na farko. Akwai wani dattijo direban babbar mota da ya riga ya kira matarsa, ya ɗaga waya sama don ta ji ihun murna. David Freese na St. Louis ya buga ƙwallo ta wuce kan Nelson Cruz na Texas, aka farke. A zagaye na 11 Freese ɗin dai ya sake ɗagawa ta haye katanga, 10 da 9. Dattijon ya kashe wayar, ya cire hularsa ta Rangers ya cusa a aljihun baya, ya fita. Washegari St. Louis ta ci na bakwai 6 da 2. Makonni aka yi ba a zancen komai sai cewa da a Arlington, gidan Rangers, aka buga wasannin nan biyu da labari ya sha bamban, domin mai gida ne ke bugun ƙarshe, kuma shi Freese ya samu.

Sai dai ni ban bi su har can ba. Dokar ba ta da adalci, na yarda, amma gida a besbol bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A shekarar farko ta dokar Yankees ne suka samu gida, Marlins suka je har New York suka ɗauke kofi. A 2014 Giants sun ci wasa na bakwai a Kansas City. A 2019, bayan an gyara dokar, duk wasanni bakwai baƙo ne ya ci, Washington ta yi bikinta a Houston. Texas kuwa a 2011 ƙwallo ɗaya ce aka kasa cafewa.

Shekarar ƙarshe ta dokar ma ta zo da nata abin mamakin. Chicago Cubs sun ci wasanni 103, Cleveland 94, amma Cleveland ce da gida saboda 'yan wasan Kansas City biyu sun yi bajinta a wasan taurari, rukuninta na American ya ci. Magoya bayan Cubs suka yi ta ƙorafi. Ashe alheri ne. A lokacin rukunin American ne kaɗai ke barin a sa wani ya yi bugu a madadin mai jifa, ba tare da ya fita tsaron fili ba, kuma a World Series dokar rukunin mai gida ake bi. Kyle Schwarber na Cubs yana murmurewa daga ciwon gwiwa, bugu kawai yake iyawa, saboda haka wasanni huɗu a Cleveland suka ba shi dama huɗu ta fara wasa. Cubs suka ci na shida da na bakwai a can, kofinsu na farko tun 1908. Tun 2022 duka rukunan biyu suna bin wannan tsari na mai bugu, don haka wancan bambancin ma ya tafi.

Kunnen dokin da ya jawo duk wannan kuma an samo masa wata hanya. A 2025 an tashi 6 da 6 a Atlanta, aka raba gardama da gasar ɗaga ƙwallo waje, Schwarber ɗin nan ya buga uku duka suka fita, National ta ci. In kana son sanin wa zai samu gida bana, ka duba teburin gasar a ƙarshen Satumba, cikin biyun da suka kai World Series wadda ta fi yawan nasara ce ke da gida.