Ki tambayi Tanti: saƙar jarirai da keken ɗinki a bazara

Tambaya: Salamu alaikum Tanti, daga Tawa nike rubutowa. Ina saƙa hula da safa na jarirai da kwarashi ina saidawa, to tun shigowar zafin nan uwaye na kukan ƙuraje na fito ma yaransu, ciniki ya tsaya. Kuma kekena na ɗinki ya yi nauyi yana ta tsinke zare. Mi zan yi?

Amsa: Wa alaikissalam ɗiyata, sannu da ƙoƙari. Wallahi uwayen nan suna da gaskiya, yawancin ulun kasuwa na roba ne, ba ya shan zufa, ga Tawa a watan Mayu zafi na wuce digiri 40, to ina jariri ina safar roba? Ki aje ulun sai sanyin Disamba, yanzu ki koma zaren auduga. In kina shakkar zare ki yanko ɗan guntu ki kusanta shi da ashana, auduga za ta yi warin takarda da ta ƙone ta bar toka mai laushi, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule baƙi ƙirin da tauri.

Keke kuma ƙurar iskar da ke gaban hadari ce ta shige mishi. Buɗe wajen ƙoshiya, ki share da tsohon buroshin haƙori, ki ɗiga man keke ɗigo biyu, ki canza allura. Don Allah ban da man gyaɗa, danƙo yake yi. In kin gama aiki ki rufe shi da zane.